Hasumiyar Ƙararrawa ta Jami'ar Furman: Abin da Ta Tuna da Abin da Ta Bari

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta duba tarihin hasumiyar ƙararrawa ta Jami'ar Furman da ke birnin Greenville, a jihar Karolina ta Kudu, ƙasar Amurka. Manufarta ita ce ta nuna cewa ginin tunawa ba ya ɗauke da tarihi gaba ɗayansa, sai dai ɓangaren da maginansa suka zaɓa.

2.0 Tsohuwar Hasumiya

Kiristoci mabiya ɗariƙar Baftis ne suka kafa makarantar a shekarar 1826, suka laƙaba mata sunan Richard Furman, wani babban malaminsu da ya rasu a 1825. Shi ne wanda ya rubuta wa gwamnan jihar takarda a 1822 yana kāre halaccin mallakar bayi da hujjojin addini. Makarantar ta koma Greenville a 1851, aka kuma gina babban zaurenta mai hasumiya a 1854.

Aikin ƙararrawar na yau da kullum shi ne kiran ɗalibai zuwa aji. Amma a lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, an riƙa kaɗa ta don shelar nasarar rundunar Kudu, wato ɓangaren da ke yaƙi domin bautar da baƙar fata ta ɗore. Hasali ma shugaban jami'ar na farko, James C. Furman, ɗan Richard, yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar ɓallewar jihar daga tarayya a 1860.

3.0 Sabuwar Hasumiya

A 1958 jami'ar ta fara ƙaura zuwa sabon mazauni a wajen gari. Tsohon zauren bai wanzu ba, saboda haka a 1965 aka gina wata hasumiyar a bakin tabkin sabon mazaunin, bisa siffa da awon ta farko, mai tsawon ƙafa 88. 'Ya'yan Alester G. Furman ne suka ba da kuɗin aikin domin tunawa da mahaifinsu. Daga bisani aka rataya mata jerin ƙararrawa da ake kaɗa waƙoƙi da su.

Abin lura a nan shi ne, a watan Janairu na wannan shekara ta 1965 ne Joseph Vaughn ya shiga jami'ar, ɗalibin digirin farko baƙar fata na farko a tarihinta, bayan shekara 139 da kafa ta. Ke nan a shekara guda an kwaikwayi ginin zamanin bauta daki-daki, an kuma buɗe ƙofa ga jikokin bayi. A wancan lokacin hasumiyar ta ambaci sunan iyalin Furman, ba ta ce uffan a kan waɗanda suka yi musu bauta ba.

4.0 Waiwaye

Jami'ar ta raba gari da majalisar Baftis ta jihar a 1992. A 2018 wani kwamiti da ta naɗa ya fitar da rahoto mai ɗauke da sunan Abraham Sims, tsohon bawa da ya yi hidima a gidan James C. Furman. Rahoton ya bayyana yadda dukiyar masu bayi da gumin bayin suka tallafi makarantar tun farkonta. Sakamakon haka aka cire sunan James daga wani zauren karatu, sa'annan a 2021 aka kafa mutum-mutumin Vaughn a gaban ɗakin karatu.

5.0 Kammalawa

Ba a rushe hasumiyar ba, ba a kuma sauya siffarta ba. Har yau ita ce tambarin jami'ar. Abin da ya sauya shi ne bayanin da ke kewaye da ita. Darasi ga manazarci shi ne ya ɗauki ginin tunawa kamar yadda yake ɗaukar kirarin sarauta: ya saurari wanda aka yaba, ya kuma tambayi sunan wanda aka tsallake.