Yadda Masana Suka Fid da Wel Daga Cikin Kifaye

Tun zamanin da, mutane sun saba rarraba dabbobi bisa ga inda suka gan su. Abin da ke tashi sama a ce tsuntsu ne, abin da ke cikin ruwa a ce kifi. Wannan hanya tana da sauƙi, amma ta daɗe tana ruɗin masana, musamman a kan wata ƙatuwar halitta ta teku wadda Larabawa ke kira hut, Turawa kuwa wel.

Wanda ya fara binciken al'amarin sosai shi ne Aristotal, masanin Yunanawa, wanda aka haifa shekara 384 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya raba dabbobi kashi biyu, masu jini da marasa jini. Ya kuma lura cewa wel da ƙanensa dolfin suna da huhu, suna haihuwar ɗa da rai, suna ba shi mama, saboda haka ya keɓe su dabam da kifi. Waɗanda suka biyo bayansa ba su riƙe wannan ba, sai suka mai da su cikin kifaye.

Jahizu, malamin Basra wanda ya rasu a Hijira ta 255, ya wallafa Kitabul Hayawan, inda ya kasa dabbobi huɗu: masu tafiya, da masu tashi, da masu iyo, da masu jan ciki. Ya gargaɗi masu karatu cewa ba duk mai iyo ne kifi ba. Duk da haka ya bar jemage cikin tsuntsaye, ko da ya ke ya san haihuwa ya ke yi, ba ƙwai ba.

Cikin 1735 Liniyas, wani masani mutumin Suwidin, ya buga littafinsa na tsarin halittu a ƙasar Holan. Shi ma a wannan bugun cikin kifaye ya sa wel, tare da ayu, irin wanda masunta ke gani a Kwara da Binuwai. Sai a bugu na 10, cikin 1758, ya sake shawara. Ya kafa aji guda na masu shayarwa, ya tara wel da jemage da doki da ɗan Adam a ciki. Sauran azuzuwansa biyar su ne tsuntsaye, da masu jan ciki haɗe da kwaɗi, da kifaye, da ƙwari, da tsutsotsi. Na ƙarshen nan kuwa kamar taska ya mai da shi, duk abin da ya rasa wurinsa sai ya jefa ciki, har da katantanwa.

Hujjarsa a jikin dabbar ta ke. Kifi yana shan iska daga cikin ruwa ta tsagar da ke gefen kansa, wel kuwa tilas ya taso sama ya shaƙa, in ba haka ba ya mutu. Jinin wel da ɗumi ya ke kullum. Wutsiyar kifi a tsaye ta ke, tana kaɗawa dama da hagu. Ta wel a kwance, tana kaɗawa sama da ƙasa. In aka feɗe abin da ya ke iyo da shi, sai a tarad da ƙasusuwan hannu har da na yatsu, irin waɗanda ke cikin fiffiken jemage.

Maganar ba ta tsaya a ɗakin karatu ba, har gaban alƙali ta je. Cikin 1818 akwai doka a Niyu Yok ta Amurka, cewa kada a yi cinikin man kifi sai ma'aikacin hukuma ya duba, an biya kuɗin dubawa. Wani attajiri, Samuel Judd, ya sayi ganga 3 na man wel ba a duba ba. Ma'aikacin ya yi ƙararsa, yana neman tarar dala 75. Judd ya ce shi bai sayi man kifi ba, domin wel ba kifi ba ne. Aka kira babban masanin garin, Dokta Mitchill, ya bayyana zancen huhu da mama, lauyan mai ƙara ya yi ta yi masa ba'a. Masu taya alƙali hukunci suka keɓe wajen minti 15, suka komo suka ce man wel man kifi ne. Attajiri ya faɗi shari'a alhali kuwa gaskiyar ilmi tana wajensa. Ba da jimawa ba majalisar jihar ta gyara dokar, ta fid da man wel daga ciki.

Bayan Darwin ya fito da littafinsa cikin 1859, sai masana suka koma rarraba dabbobi bisa ga dangantakar asali. Binciken ƙwayoyin gado da aka yi daga wajen 1990 ya nuna cewa, cikin dabbobin da ke raye, dorina ce ta fi kusa da wel. Ayu kuwa, wanda ya kwana shekara 23 tare da wel a ajin kifaye, danginsa na kusa su ne giwa da rema.