Gida Ɗaya, Suna Biyar: Yadda Mutanen Ailan Ke Neman Kakanninsu

A wannan fitowa za mu ɗan yi nisa da gida, mu leƙa Ailan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila, wanda yawancinmu ba mu san shi ba sai ta wajen limaman cocin da suka zo daga can suka kafa makarantu a nan kudu.

A watan Satumba na 2009, Muhammad Ali, gwanin damben duniya, ya je wani gari mai suna Ennis a yammacin ƙasar, aka karɓe shi a matsayin ɗan gari. Dalili kuwa, kakan mahaifiyarsa, Abe Grady, daga nan ya tashi zuwa Amurka a shekarun 1860, ya zauna a Kentucky. To shi wannan suna, wani ya rubuta Grady, wani O'Grady, a harshensu na asali kuwa Ó Grádaigh ne. Haka tsohon shugaban Amurka Ronald Reagan: kakan mahaifinsa da aka haifa a ƙauyen Ballyporeen, Regan aka rubuta shi a littafin coci a 1829, daga baya aka ƙara harafi guda. Waɗannan manya ne, masana suka yi musu wahalar bincike. Talaka kuwa shi zai yi abinsa.

Abin mamaki shi ne, mutanen Ailan suna cikin waɗanda suka riga kowa a Turai riƙe sunan zuriya, tun wajen ƙarni na 10. Tsarin bai da wuya a gare mu. Mac yana nufin ɗan wane, Ó kuma jikan wane. O'Brien, alal misali, jikokin sarki Brian Boru ne, wanda aka kashe a yaƙin Clontarf a 1014. Suna da masu tsare nasaba kamar yadda fadojinmu ke da maroƙa da masu kirari. Ba rashin sanin asali ne ya rikita su ba, shigowar wani harshe ne da alƙalami a hannunsa.

A 1465 aka yi doka cewa duk ɗan Ailan da ke zaune a yankin da Ingilishi ke iko da shi, kewayen Dablin, sai ya ɗauki suna irin na Ingila: sunan gari, ko launi, ko sana'a. Dokar ba ta ci kowa ba, amma ta nuna inda aka dosa. Daga ƙarni na 17, bayan an ƙwace filaye, harshen Ingilishi ya zama na kotu da haraji da mai gona, mai Ó ko Mac a gaban sunansa kuwa ana yi masa kallon baƙauye. Mutane da yawa suka yar da su. Ó Murchadha ya koma Murphy, Ó Ceallaigh ya koma Kelly.

Nan ne abin ya rabu gida biyu. Wani akawu yakan rubuta abin da kunnensa ya ji, wani kuma ya fassara. Mac Gabhann ma'anarsa ɗan maƙeri. Wanda ya bi sauti ya rubuta McGowan, wanda ya bi ma'ana ya rubuta Smith, sai ga 'yan gida ɗaya da sunaye biyu da ko kama ba su yi ba. Wani lokaci ma fassarar kuskure ce. An ji Mac Conraoi, aka zaci "ɗan sarki" ake cewa, aka rubuta King, alhali wasu 'yan'uwansu Conroy suke amsawa. Shi kuwa Ó Dochartaigh na yankin Donegal, ka same shi Doherty, Dogherty, Dougherty, Docherty, Daugherty, ya danganta da ko a Ailan aka rubuta, ko a Sukotlan, ko a Amurka. Mai sunan sau da yawa bai iya karatu ba, alamar gicciye yake yi a ƙasan takarda, to ina zai ga kuskure balle ya gyara?

Sunan yanka ma bai tsira ba. Limaman Katolika da yawa da Latin suke rubutu, James ya zama Jacobus, William ya zama Gulielmus. Wanda ake kira Tadhg a gida, Timothy ne a takarda, Diarmaid kuma Jeremiah. Mace mai suna Bridget tana iya isa Amurka ta zama Delia. Rikicin ya kai har shi kansa babban jami'in rajista na ƙasar, Robert Matheson, ya tattara littafi guda na ire-iren rubutun sunaye, wanda aka buga a 1901, domin ma'aikatansa su riƙa gane mutane. Kafin nan a 1893 an kafa ƙungiyar farfaɗo da harshen ƙasar, jama'a suka shiga maido da O da Mac. Sai ka ga kaka Sullivan, jika O'Sullivan. Wasu ma garin maidowa suka ɗauko wanda ba nasu ba.

Duk wannan da sauƙi in takardun suna nan. Ƙidayar 1841 ta sami mutum sama da miliyan 8 a tsibirin. Daga 1845 zuwa 1852 cuta ta kama dankalin da talakawa suka dogara da shi, kimanin miliyan ɗaya suka mutu, sama da miliyan ɗaya suka yi hijira. Gwamnati kuwa ba ta fara rajistar haihuwa da mutuwa ta kowa da kowa ba sai 1864. Sannan a ranar 30 ga Yuni 1922, farkon yaƙin basasarsu, ma'ajiyar takardun ƙasa da ke Dablin ta ƙone, ƙidayar 1821 zuwa 1851 ta tafi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ta 1861 zuwa 1891 kuma hukuma ce da kanta ta riga ta lalata su. Ta 1901 da ta 1911 suka tsira cikakku, suna intanet kyauta.

Akwai wata magana da ake yawan yi a Amurka, wai jami'an tsibirin Ellis ne suka canza wa baƙi suna. Masana sun ce ba haka ba ne. Jerin sunayen fasinja tun daga tashar da jirgi ya taso ake rubuta shi, su dubawa kawai suke yi. Kuma ma sai 1892 aka buɗe wurin, 'yan gudun yunwa sun shige da shekara arba'in.

To yaya masu neman suke yi? Abu na farko, sun daina yarda da harufa, sai su furta sunan da baki, su rubuta duk yadda kunne zai iya jin sa, da O da babu O, da Mac da Mc. Amma abin da ya fi ƙarfi shi ne wuri. An raba Ailan zuwa ƙananan yankuna sama da 60,000, wani bai wuce 'yan gonaki ba, kowanne da sunansa. Wanda ya san yankin kakansa ya ci rabin tafiya, domin akwai littafin kimanta filaye na Richard Griffith, wanda aka yi tsakanin 1847 da 1864, mai ɗauke da sunan mai haya da na mai gona. Wanda kuwa abin da ya sani kawai shi ne "Patrick Murphy daga Cork", Allah ya ba shi haƙuri, don ya shiga kasuwar Kano ne yana cigiyar Malam Musa.

Sai kuma mutanen da ke kewaye da sunan. Littafin coci yakan kawo sunan gidan su uwa da na shaidu biyu. In aka ga Reilly a wannan shafi, Riley a wancan, amma matar ɗaya ce, shaidun kuma maƙwabta ɗaya, to mutum ɗaya ne. Al'adarsu ta raɗin suna ma tana taimako: ɗan fari yakan ci sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, kusan yadda muke yi wa iyaye takwara. Tun 2015 babban ɗakin karatu na ƙasar ya sa hotunan waɗannan littattafai a intanet.

Shekaru kam ba a rantsuwa a kansu. Da aka fara biyan fanshon tsufa a 1909 ga wanda ya kai 70, sai aka ga mutane da dama sun tsufa da fiye da shekara goma tsakanin ƙidayar 1901 da ta 1911. Ɗan Adam ke nan. Sai dai abin ya yi rana, don masu neman fanshon an riƙa duba musu ƙidayar 1841 da 1851 ana kwafe bayanin gidajensu, waɗannan kwafe-kwafen kuma suka tsira daga gobara.

Kada a ɗauka sha'awa ce kawai. Dokar Ailan ta ba wanda aka haifi kakansa a tsibirin damar neman zama ɗan ƙasa, kuma bayan ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai a 2016 mutane suka yi ca a kan fasfon. Sai ka haɗa takardun haihuwa da na aure tun daga kaka har kanka, in suna ya saɓa kuma ka yi bayani.

Mu da muke zaune cikin wani harshe, wannan ba baƙon labari ba ne, kuma gwamnatin da ta mulke su ita ta kawo mana akawu. Kakanninmu da suka zo fataucin goro da shanu, da ajami suke rubuta sunansu. Da aka zo takardar haraji da ta fili, Abubakar ya zama Bakare, Ibrahim ya zama Buraimo, Muhammadu kuma Momodu. Aka tambayi sunan zuriya, wanda ba mu da shi, wani ya ba da na uba, ƙanensa na kaka, na ukun ya ba da sunan garinsu. Yau ga shi muna gani wajen rabon gado da fasfon Hajji, NIN na cewa Mohammed, BVN na cewa Muhammad, takardar gidan kuma Mamman. Dattawan da suka san cewa Garba da Habu da Bakare na cikin tsofaffin takardun nan mutum ɗaya ne, kuma daga wace unguwa ya taso a Kano ko Katsina, ba su fi a ƙirga da yatsu ba a unguwar nan yanzu.