Gani Ya Kori Ji? Yadda Jaridun Zane Suka Nuna Yaƙin Basasar Amurka

Maƙalarmu ta wannan mako za ta kai mu Amurka, shekarun 1861 zuwa 1865, lokacin da jihohin arewacin ƙasar suka gwabza da jihohi 11 na kudanci da suka ɓalle, a rikicin da bautar da baƙar fata ce tushensa. Mutum sama da 600,000 ne suka rasa rayukansu. Abin da za mu duba shi ne, ta yaya uwar da ɗanta ke fagen daga ta riƙa ganin wannan yaƙi alhali tana gida?

Akwai kyamara a lokacin, amma ba ta iya kama abu mai motsi. Dole wanda za a ɗauka ya tsaya cak na wasu daƙiƙoƙi, mai hoton kuma ya wanke gilashinsa nan take kafin maganin da ke kai ya bushe. Ga shi madaba'a ba ta san yadda za ta buga hoto kai tsaye a jarida ba tukuna. Saboda haka aikin ya faɗa hannun masu zane. Manyan jaridun da suka yi fice su ne Frank Leslie's Illustrated Newspaper da aka kafa a 1855, da Harper's Weekly da aka kafa a 1857, dukansu a New York suke fitowa mako-mako, mai shafi 16. Sun ɗauko salon ne daga Illustrated London News ta Ingila, wadda ta fara fita a 1842.

Kowace jarida ta tura masu zanenta su bi sojoji. Alfred Waud, haifaffen Landan, ya bi rundunar Potomac kusan tun farkon yaƙin har ƙarshensa, mafi yawa a madadin Harper's. Edwin Forbes ya yi wa jaridar Leslie aiki. Winslow Homer, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu zanen Amurka, shi ma ya leƙa sansanonin soja. Waɗannan mutane sun kwana a tanti, sun sha ruwan sama, sun yi zazzaɓi tare da sojoji. Idan faɗa ya kaure, mai zane kan nemi tudu ya zauna da fensir da takarda, ya zana abin da hayaƙin albarushi ya bari ya hango. Sau da yawa lokaci ba ya isa, sai ya zana mutum biyu ko uku, ya rubuta a gefe cewa a cike sauran wurin da sojoji ko bishiyoyi.

Daga nan takardar ke kama hanya, a doki, a jirgin ruwa ko jirgin ƙasa, har New York. A ofis wani mai zanen daban, wanda wataƙila bai taɓa jin ƙarar igwa ba, shi zai sake zana hoton a juye a kan katako mai tauri. Itacen da ake amfani da shi ba ya kauri, don haka ƙananan guntaye ake haɗawa a ɗaure da ƙarfe ta baya. Idan an gama zanen sai a kwance su, a raba wa masu sassaƙa, kowa ya fafe nasa yanki, ya bar layukan da za su ɗauki tawada. A sake haɗawa, a yi kwafinsa na ƙarfe, sannan a kai injin bugu. Daga ranar faɗa zuwa ranar da hoton zai isa hannun mai karatu akan ɗauki mako biyu zuwa uku.

To a tsakanin waɗannan hannuwa ne labari ke sauya kama. Ranar 17 ga Satumba 1862 aka yi yaƙin Antietam, inda aka kashe, aka raunata, ko aka nemi mutum kusan 23,000 aka rasa a yini guda. Waud ya zana yadda ake kwashe masu rauni, a gefe guda kuma likita na yanke wa wani soja ƙafa. Da hoton ya fito a Harper's, sai ga shi an juya sojan, kansa ne ke fuskantar mai kallo, dungun ƙafar ya ɓace. A Disamba na shekarar, Arthur Lumley ya zana sojojin arewa suna wawashe gidajen garin Fredericksburg. Jaridarsa, New York Illustrated News, ba ta buga shi ba. Frank Vizetelly na jaridar Landan kuwa ya zana yadda sojojin arewa suka ranta a na kare a yaƙin Bull Run na Yuli 1861, aka buga a Ingila. Hukumomin soja ba su ji daɗi ba, daga baya suka hana shi izinin bin runduna, shi kuma ya tsallaka kudu ya ci gaba da aikinsa daga can.

Bayan ragi akwai ƙari. Masu zanen ofis suna son sojoji a jere reras, tuta na kaɗawa, hafsa a kan doki da takobi a sama, ana sukar juna da banati. Bayanan likitocin soja sun nuna raunin banati ƙalilan ne ƙwarai idan aka gwada da na harsashi. Babban makashin ma ba ya zanuwa cikin sauƙi: kusan kashi biyu cikin uku na sojojin da suka mutu cuta ce ta kashe su, irin su atini da zazzaɓin taifot. Mutumin da gudawa ta kwantar a tanti ba ya sayar da jarida.

A Oktoba 1862 Mathew Brady ya baje kolin hotunan gawarwakin Antietam a shagonsa na New York, waɗanda Alexander Gardner da abokin aikinsa suka ɗauka. Jama'a suka yi ta tururuwa, domin ba su saba ganin matattunsu a kumbure a kan ciyawa ba. Harper's ta sassaƙa wasu daga cikin hotunan ta buga, amma layukan katako sun rage musu kaifi.

Kada a ɗauka cewa duk aikin ƙarya ne. Inda waɗannan jaridu suka fi faɗin gaskiya shi ne inda ba a harbi. Forbes ya fi son zana soja yana wanki, yana dafa kofi, yana aski, yana karanta wasiƙa, ko alfadari ya maƙale a taɓo. Homer ya zana wani gwanin harbi shi kaɗai a kan reshen bishiya yana saiti, aka buga a Nuwamba 1862. Babu tuta, babu ihu, mutum ɗaya ne ke jiran ya kashe wanda bai san da shi ba. Ya kuma zana mata suna ɗinki, suna jinya, da wata da ta kife kai a tebur riƙe da wasiƙar da ta kawo mata mugun labari. Irin waɗannan hotuna ne masana tarihi suka fi dogara da su a yau idan suna son sanin me soja ya ci, me ya sa, ina ya kwana.

Haka kuma zane ya taɓa zukata a kan batun bauta. A farkon yaƙin jaridun sukan zana baƙaƙe cikin sigar ba'a. Ranar 4 ga Yuli 1863 Harper's ta buga hoton wani bawa da ta kira Gordon, wanda ya gudo zuwa sansanin sojojin arewa a Baton Rouge. Bayansa duk tabon bulala ne, ya yi tudu-tudu. A gefe an zana shi cikin kakin soja. Baƙaƙe kusan 180,000 ne suka shiga rundunar arewa kafin yaƙin ya ƙare. Thomas Nast kuwa bai ɓoye cewa shi ɗan kamfe ne ba, zanensa na 1864 da ke sukar masu neman sulhu da kudu sai da magoya bayan Abraham Lincoln suka yi ta rabawa lokacin zaɓe.

Kudanci fa? An kafa Southern Illustrated News a Richmond a 1862, amma takunkumin jiragen ruwan arewa ya sa takarda da tawada da ƙwararrun masu sassaƙa suka yi ƙaranci. Shi ya sa akasarin hotunan yaƙin da duniya ta gada da idon arewa aka gan su. Wanda ke da madaba'a shi ya bar wa jikoki hoto.

Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka na ajiye da zanen Waud na asali masu ɗimbin yawa, kuma ana iya ganinsu a intanet. Duk wanda ya jera zanen fensir da wanda aka buga zai ga na farkon ya fi rai, ko da yake a gurguje aka yi shi.

Mu ma da muke rubutu, kowane labari na bi ta hannuwa kafin ya isa takarda: wanda ya gani, wanda ya ba mu, mu kanmu, sannan edita ko mai ɗaukar nauyi. Idan kana rubuta labarin hari a ƙauye ko zaman sansanin gudun hijira, tambayi kanka wace ƙafa ka juya don kada mai karatu ya ga dungu, wane shafi ka ajiye don naka ne suka yi laifin. Sakaya wani abu saboda mutuncin mamaci daidai ne, muddin ka san ka sakaya kuma ka san dalili. Sannan kada ka raina tukunyar da aka bari a murhu, ko takalmin yaro guda ɗaya a bakin hanya. Su mai karatu zai riƙe bayan ya manta adadin bindigogi.

Mai gyara ko ƙarin bayani, ƙofa a buɗe take. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.