Ƙaramin Babur da Dogon Zango



Na san ba za a rasa wanda ya ga kan wannan lacca ya ce a ransa, me ya haɗa ɗakin lacca na jami'a da babur ba. Ai babur abin hawan masinja ne da malamin firamare da ɗan acaɓa. To, dalilin da ya sa na zaɓe shi ke nan. Masu rubuta tarihin sufuri sun cika ɗakuna da labarin jirgin ƙasa da na sama, amma abin hawa mai injin da ya fi kowane yawa a hannun talakan duniya ba a cika waiwayarsa ba. Nufina a yau in bi sawun wasu mutane da suka ratsa ƙasashe da nahiyoyi a kan ƙaramin babur mai araha, mu ga abin da ya kai su, da abin da ya tsai da waɗanda suka tsaya. Abin da nake so in tabbatar shi ne, ƙarfin inji kaɗan ne a cikin sha'anin. Abin da ke kai matafiyi nesa shi ne rashin nauyin abin hawansa, da samun makanike da kayan gyara a duk garin da ya sauka. Wannan kuwa talakawan da ke neman abinci da babur su suka tanade shi, ba masu yawon buɗe ido ba.

Kafin in ci gaba, girman injin babur da si-si ake auna shi, ba sisi na kuɗi ba, watau faɗin cikin injin inda mai da iska ke ƙonewa. In na ce ƙaramin babur, ina nufin mai si-si 50 zuwa 125, ko sama da haka kaɗan.

Sai mu fara da Amurka. Ran 16 ga watan Mayu, 1903, wani saurayi mai suna George Wyman ya tashi daga San Faransisko a bakin tekun yamma, ya nufi Niyok a bakin tekun gabas, tafiyar wajen mil 3,800. Abin da ya hau bai wuce keke da aka ɗaura wa inji ba: si-si 200, ƙarfin doki ɗaya da kwata, bel na fata ke juya ƙafar baya, ga kuma feda kamar ta kowane keke. A hamadar Nebada babu hanyar kirki, saboda haka sai ya riƙa bin hanyar dogo, yana tafe bisa katakan da ke ƙarƙashin ƙarafan, abin hawa na jijjiga shi kamar ana tankaɗe. Kusa da Shikago ƙarfen da makanikai ke kira karanshaf ya karye, dole ya zauna kwanaki yana jiran a aiko masa da wani daga kamfanin da ya ƙera babur ɗin, domin babu mai sayar da irinsa a ko'ina. Da ya rage saura wajen mil 150 injin ya mutu murus. Wyman ya taka feda har Niyok, ya shiga ran 6 ga watan Yuli, kwana ashirin kafin mutumin farko da ya ratsa Amurka a cikin mota ya iso. A lura da abu biyu a nan. Rashin kayan gyara ne ya zaunar da shi a Shikago, rashin nauyin abin hawansa kuma shi ya fisshe shi a ƙarshe. Da babban babur ne, da a Albani labarin ya ƙare.

Waɗanda suka biyo bayansa, musamman masu nufin Afirka, sai suka ɗauki akasin wannan darasi. A ganinsu ƙasa mai wuya sai babur mai ƙarfi, a ɗaura masa akwati mai ƙafa ɗaya a gefe, a loda masa kaya. Biyu daga cikin irin waɗannan tafiye-tafiye sun ratsa ta ƙasarmu. A ƙarshen 1927 wasu Amurkawa biyu, James Wilson da Francis Flood, suka tashi daga Ikko a kan babura biyu ƙirar Triumph, suka biyo ta Kano da Damagaram, suka zagaya ta arewacin Tabkin Cadi, suka ratsa Wadai da Sudan, suka fita a Masawa a bakin Bahar Maliya cikin 1928. Gabas da Damagaram babu inda ake sayar da fetur, sai an aika da shi gaba bisa raƙuma. Watau dai sabon abin hawa ya dogara ga tsohon, kuma hanyar da suka bi ba su suka buɗe ta ba, alhazai da fatake sun daɗe suna taka ta da ƙafa da jaki.

Bayansu da shekara bakwai, ran 11 ga watan Disamba, 1934, wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka bar Landan a kan babur ƙirar Panther mai si-si 600, da akwatin gefe, da wani akwatin kuma suna ja a baya. Suka tsallaka zuwa Aljeriya, suka yanki Sahara ta In Salah da Tamanrasset. Kusa da Agadas injin ya lalace. Suka yi makonni a Agadas suna jiran kayan gyara daga Ingila, sa'an nan suka gangaro Kano, suka yi gabas, ba su isa Kef Tawun ba sai ran 29 ga watan Yuli, 1935. Ba na rage musu jarumtaka ko kaɗan. Amma a dubi abin da ya faru: babur ɗin da aka zaɓa saboda ƙarfinsa, da ya tsaya sai ya zama kaya, maganinsa kuma yana can bayan teku.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya sauya al'amarin, ta wata hanya da ba wanda ya shirya ta. Wani kamfanin Jamus, DKW, ya ƙera wani ɗan babur mai si-si 125 da ake kira RT 125, marar nauyi, marar shan mai, mai sauƙin kwancewa. Da aka ci Jamus, sai waɗanda suka yi nasara suka ɗauke zanen ƙirarsa a cikin diyyar yaƙi. Ingila ta fito da shi a 1948 da sunan BSA Bantam, kamfanin Harley-Davidson ya yi nasa a Amurka, Rasha ta yi nata, har Yamaha ta Japan da shi ta yi koyi a babur ɗinta na farko a 1955. A Italiya kuma, inda yaƙi ya bar mutane ba kuɗin mota, kamfanin Piaggio ya fito da Vespa a 1946. Duk waɗannan don ma'aikaci aka yi su, ya je aiki ya dawo. Bantam ma yaran gidan waya na Ingila ne suka fi shahara da shi, suna raba telgiram.

Amma ɗan Adam, in ka ba shi abin zuwa kasuwa, sai ya tambayi inda hanya ta ƙare. A 1951 da 1952 wata budurwa daga Ingila, Peggy Iris Thomas, ta yi mil 14,000 a Kanada da Amurka da Meziko a kan Bantam, da karenta a cikin akwati a baya. In guzuri ya ƙare sai ta tsaya ta yi aiki, ta tara, ta ƙara gaba. Irin wannan tafiya ba ta yiwuwa ga mai ƙaramin ƙarfi kafin yaƙin.

Akwai wani misali da nake so ɗalibai su riƙe, domin mutum ɗaya ne ya gwada duka biyu. Ernesto Guevara, wanda duniya ta sani da Che, yana ɗalibin likita a 1950 ya ɗaura wa kekensa ɗan inji, ya zagaya arewacin Ajantina, wajen mil 2,800, ya dawo gida da abinsa. A 1952 shi da abokinsa Alberto Granado suka hau tsohon Norton mai si-si 500 da niyyar ratsa Amurka ta Kudu. Babur ɗin bai wuce ƙasar Cile ba. A birnin Santiyago suka bar shi, suka ƙarasa a bayan manyan motoci da jiragen ruwa da ƙafa. Tafiya ta biyu ita ce ta yi suna, har aka yi mata fim, alhali a ta farko ce abin hawa ya cika alkawari.

Yanzu sai mu zo Japan, inda zan ɗan daɗe. A watan Agusta na 1958 kamfanin Honda ya fito da Super Cub, wanda shi ne kakan abin da muke kira roba-roba. Soichiro Honda shi ne maƙerin, amma abokin cinikinsa Takeo Fujisawa shi ya faɗi abin da ake bukata: babur da yaron mai sayar da taliya zai tuƙa da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana ɗauke da tire. Saboda haka aka yi masa kulocin da ke kama kansa, ba sai an matsa da hannu ba. Aka rufe sarƙarsa don ƙura da laka, aka sa masa garkuwar roba a gaban ƙafafu, aka ba shi manyan ƙafafu don munanan hanyoyin Japan na wancan zamani. Injinsa si-si 49 ne kacal. A 2017 kamfanin ya ba da sanarwar ya ƙera guda miliyan 100. Babu wani abin hawa mai inji da ya taɓa kai wannan adadi.

Labarin ƙanensa, CG125, ya fi kusa da mu. A 1974 Honda ta aiki ma'aikatanta su zagaya ƙasashen kudu maso gabashin Asiya su ga yadda ake amfani da babur. Suka tarar ana ɗora masa mutum uku da huɗu da kaya, ba a sauya baƙin mai sai ya zama kamar kwalta, ba a kai shi wurin gyara sai ya tsaya. Wani kamfanin da sai ya buga takarda yana yi wa masu saye gargaɗi. Su kuwa sai suka koma suka ƙera injin da zai jure wannan wulaƙanci, da matatar iska da ake wankewa a mayar. Ya fito a 1975, aka fara ƙera shi a Barazil a 1976, daga baya kamfanonin Sin suka kwaikwayi injinsa suka cika duniya da shi. A ra'ayina wannan shi ne babban juyi a tarihin da muke magana a kai, domin daga nan ne fulogi da fistin da sarƙa na ƙaramin babur suka zama kayan tireda, kowane ƙauye kuma ya sami yaron da ya iya kwance inji a gindin bishiya.

Masu yawon duniya na baya-bayan nan a cikin wannan gona suka yi roro. A 2006 wani marubuci ɗan Ingila, Simon Gandolfi, yana da shekara 73, ya sayi Honda mai si-si 125 a Barakurus ta Meziko, irin wanda ake kai abinci gidaje da shi, ya tuƙa shi har Ushuwaya a ƙarshen kudancin Ajantina. A 2009 Nathan Millward ya tashi daga Sidni ya isa Landan cikin wata tara, mil 23,000, a kan tsohon babur ɗin gidan waya na Ostireliya mai si-si 105, wanda gudunsa bai cika wuce mil 40 a awa ba. Kada a ɗauka tafiyar ba ta da haɗari. Mai ƙaramin babur a bakin titi yake rayuwa, manyan motoci na wuce shi, shi kansa Gandolfi a kan hanyarsa ta dawowa mota ta buge shi ya karye a ƙafa. Amma cikinsu babu wanda ya yi zaman Agadas yana jiran jirgi ya kawo masa ƙarfe.

To, ina mu a cikin wannan tarihi? Babur ya yawaita a hannun ƙananan ma'aikatan Nijeriya bayan kuɗin Udoji na 1975, Honda ta kafa masana'anta a Ota a 1979, matsin tattalin arziki na bayan 1986 kuma ya haifar da acaɓa, wadda a Nijar ake kira kabu-kabu. Daga bisani Jincheng na Sin da Boxer na Indiya suka karɓe kasuwa. A kan irin waɗannan ne ɗan ci-rani ke komawa gida da damina, mai sayen hatsi ke bin kasuwannin mako, ma'aikacin allurar rigakafi ke shiga rugagen da mota ba ta zuwa. Tsakanin Kano da Damagaram wajen mil 150 ne. Wanda ke zuwa ya dawo sau ɗaya a mako, kafin shekara biyu ya wuce abin da Millward ya yi, da kaya a baya, ba kuwa wanda zai buga masa littafi. Sunan Wilson da Flood muna da shi domin sun rubuta, sun ɗauki hoto. Masu raƙuman da suka kai musu fetur, da makanikan da suka koyi sana'ar a Fagge da Sabon Gari, waɗannan sai an bi tsofaffi da rikoda, aikin kuwa yana jiran ɗaliban wannan jami'a.

Sai dai abin da ya sa ƙaramin babur ya dace da matafiyi, watau araha da shiga kowane lungu da rashin bukatar hanya, shi ne kuma ya sa ya dace da ɗan ta'adda. A watan Janairu na 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. A 2021 jihohin Zamfara da Katsina suka taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka. A Nijar kuwa, cikin 2015, hukuma ta haramta hawan babur a jihar Diffa baki ɗaya saboda Boko Haram, dubban samari suka rasa sana'a a rana ɗaya. Ta cikin wannan jiha, ta Ngigmi, hanyar da Wilson da Flood suka bi a kan baburansu shekara 87 kafin nan ta ratsa.