Ingila da Norwe: Tallafi Ɗaya Ya Mutu, Ɗaya Na Nan da Ransa

Jama'a, duk lokacin da aka ce za a ba gidajen tarihi da gidajen wasan kwaikwayo tallafi don su haɗa kai da makarantu wajen koya wa yara fasaha, tambayar farko da ake yi ita ce, nawa ne? Tarihin ƙasashe biyu na Turai ya nuna akwai tambayar da ta fi wannan nauyi: daga wace rijiya za a riƙa ɗebo kuɗin, kuma wa ke da ikon rufe ta?

Mu fara da Ingila. A 1998 gwamnatin Tony Blair ta kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Ken Robinson, ya miƙa rahotonsa a 1999. Kukan rahoton shi ne jarrabawa ta cinye makaranta, zane da kiɗa da wasan kwaikwayo sun koma 'yan rakiya. Daga nan aka haifi shirin Creative Partnerships a 2002, da fam miliyan 40 na shekaru biyun farko. An soma da yankuna 16 da talauci ya fi yi wa katutu, daga baya suka kai 36.

Tsarin yana da kyau, gaskiya. Ba wai a loda yara a mota a kai su gidan tarihi su sha kallo su dawo ba. Makaranta ce za ta faɗi matsalarta, misali yaranmu ba sa iya buɗe baki su yi magana a aji. Sai a ba ta wani wakili da ya san masu fasahar yankin, ya haɗa ta da mai zane ko ɗan wasan kwaikwayo ko ma'aikacin gidan tarihi, su zauna da malamai su tsara aiki na watanni. Yara sama da miliyan ɗaya suka ci moriyarsa. Sufetocin makarantu na Ofsted sun duba shi a 2006, suka yaba yadda ɗabi'ar yara da himmarsu suka gyaru, ko da yake sun ce da yawa ba su iya ɗaukar abin da suka koya su yi aiki da shi su kaɗai ba. A 2010 kamfanin PwC ya ƙiyasta cewa kowane fam ɗaya da aka kashe zai jawo amfanin kimanin fam 15.

To duk da haka me ya faru? A watan Mayu na 2010 gwamnati ta canja, David Cameron ya hau da manufar tsuke bakin aljihu. Aka zaftare kusan kashi 30 cikin ɗari na kuɗin hukumar fasaha ta Ingila, kuma a 2011 aka daina ba shirin ko sisi. Shekara tara, shi ke nan. Babu wanda ya ce an ci kuɗin, babu wanda ya ce aikin banza ne. Layi ne kawai a kasafin kuɗi, kuma hannun da ya rubuta layi shi ke iya soke shi. Abin ban mamaki, a 2015 yankin Wales ya ɗauko wannan tsari da Ingila ta yar ya dasa a makarantunsa.

Yanzu mu leƙa Norwe. Tun 1968 suna da hukumar da ke kai mawaƙa da makaɗa makarantu. A 2001 suka mai da abin shirin ƙasa baki ɗaya, suka raɗa masa suna mai ma'anar "jakar makaranta ta al'adu". Wato kamar yadda yaro ke saɓa jakar littattafai, haka yake da rabonsa na fim, adabi, kiɗa, wasan dandamali, zane-zane da kayan tarihi, kyauta, ko a babban birnin Oslo yake ko a ƙauyen masunta can arewa. Mafi yawan kuɗin daga ribar Norsk Tipping yake fitowa, kamfanin caca mallakar gwamnati, wanda doka ta tsara yadda ake raba ribarsa tsakanin wasanni da al'adu da ayyukan jin ƙai. Gundumomi ke karɓa su tsara da makarantu da gidajen al'adun yankinsu. Gwamnati ta canja a 2005, ta canja a 2013, ta sake canjawa a 2021, jakar na nan a kafaɗar yara.

Na san wani zai ce ai Norwe masu arzikin mai ne. Haka ne. Kuma shirin nasu bai tsira daga suka ba, an sha ƙorafin cewa masu fasaha kan zo su yi wasa su tafi, malamai na gefe kamar baƙi. Ta fuskar zurfin aiki a cikin aji, ni a ganina na Ingila ya fi. Amma na Norwe ya fi shi da abu biyu: rijiyarsa daban take, kuma na kowane yaro ne. Abin da kowane uba ya san ɗansa na samu, ɗan siyasa zai yi tunani sau biyu kafin ya taɓa shi. Na Ingila kuwa wasu makarantu ne kawai suka san daɗinsa, da aka yanka shi masu kukan ba su da yawa.

Kada wani ya ce na ce a buɗe caca, Allah Ya kiyaye. Darasin yana ga tabbataccen tushe, kuma mu ma mun san wannan a gida. TETFund na raye yau saboda dokar harajin ilimi ta 1993 ta ɗora wa kamfanoni kashi 2 cikin ɗari na ribarsu. Dokar UBE ta 2004 ita ma ta ware wa ilimin matakin farko kashi 2 na kuɗin shigar tarayya, sai dai jihohi da dama kan bar rabonsu a ajiye saboda sun kasa kawo nasu kason. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Darasin al'adu da fasaha yana cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa na nan a Kano, gidan tarihin Jos na nan tun 1952. Abin da ya rage shi ne igiyar da za ta ɗaure su da aji. Idan an zo da tallafi, na gwamna ne ko na wata ƙungiyar waje, mu karɓa da godiya, amma mu tambaya tun ranar farko: in wa'adinsa ya ƙare, wa zai biya kuɗin mota da alawus ɗin mai koyarwa? Wace doka ta ce dole a biya? Kayan aro ba ya rufe katara.

Malamai da ke nan, yaushe rabon da makarantarku ta yi aiki da wani gidan tarihi, kuma wa ya biya? Allah Ya sa mu dace.