Mita ko Metir: Sunaye da Alamomin Awon Zamani a Rubutun Hausa, Nazari daga Unguwar Talladje a Yamai

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake faɗar sunayen awon zamani, wato mita da lita da kilogiram da danginsu, da yadda ake rubuta su a Hausar Yamai. An dogara da lura da allunan shaguna da kwalayen kaya da bakin masu ciniki a unguwar Talladje, aka auna su da ƙa'idojin Tsarin Awo na Duniya, wato SI, da kuma Hausar Najeriya. Abin da ya bayyana shi ne, bambancin mita da metir, wanda ya fi jan hankalin masana, ba ya jawo wa kowa asara. Ɓarnar tana cikin kalmomin eka da kadada da kilo, da waƙafin lissafi, da alamomin da kowa ke rubutawa yadda ya ga dama.

1. Gabatarwa

A Faransa aka haifi tsarin mita, da dokar 7 ga Afrilu 1795. Ranar 20 ga Mayu 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a Yarjejeniyar Mita a birnin Paris, aka kafa Ofishin Awo na Duniya, sannan babban taron awo na 1960 ya raɗa wa tsarin sunan SI. Nijar ta gaji mita da lita daga mulkin mallakar Faransa, saboda haka ta sami ƴancin kai a 1960 da su a hannu. Najeriya kuwa ta daɗe da yadi da mil da galan da laba na Ingila, sai a farkon shekarun 1970 ta juya, daidai lokacin da naira ta maye gurbin fam a 1973. Ke nan awo ɗaya ya shigo ƙasar Hausa ta ƙofa biyu, da lafazi biyu, da tazarar shekaru masu yawa.

Muddin takardun hukuma a Nijar da Faransanci ake rubuta su, wannan magana ta masu ƙamus ce kawai. Amma sabon kundin tafiyar da ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Duk ranar da aka fara rubuta takardar fili ko umarnin shan magani ko littafin lissafi da Hausa, dole a san sunan da za a rubuta da alamar da za a sa.

2. Fagen nazari

Talladje tana cikin gunduma ta huɗu ta Yamai, ta wajen hanyar filin jirgin sama na Diori Hamani, inda babbar hanyar ƙasa ta ɗaya take fita zuwa Dosso da Dogon Dutsi da Ƙonni da Maraɗi. Unguwa ce ta talakawa da ƴan ci-rani, ana jin Zabarmanci da Hausa a rumfa ɗaya, kayan Kano da na Kwatano suna kwance a kan tebur ɗaya. Wannan cakuɗa ce ta sa ta dace da nazarin, domin a nan mai sayarwa yana karanta kwalin da aka buga a Najeriya da idon da ya yi makarantar Faransanci.

3. Abin da baki ke faɗa

Bahaushen Yamai metir yake cewa, da litir da santimetir da kilometir, bisa lafazin Faransanci. Na Kano yana cewa mita da lita da santimita da kilomita, bisa lafazin Ingilishi. Ban ga cinikin da ya ɓaci saboda wannan ba. Direban da ya taso daga Katsina ya tsaya wurin mai kwalaben fetur a bakin hanya ya ce a zuba masa lita biyar, litir biyar za a zuba masa, babu tambaya. Kunnen mutanen Nijar ma ya saba da mita tun daga rediyo, domin tashoshin gajeren zango, irin Sashen Hausa na BBC da ya fara aiki a 1957, sun shekara da shekaru suna sanar da cewa ana kama su a kan mita kaza da kaza, kuma wannan mitar ta tsawon zango ce, ita ce dai ta awo.

Kowane lafazi yana da abin da ya fi. Mita da lita sun dace da ginin sunan Hausa, wanda galibi da wasali yake ƙarewa, suna kuma karɓar ɗafi ba wahala: litar mai, mitar yadi. Metir kuma ba ta karo da kowa, alhali mita a Najeriya tana nufin awo, tana nufin na'urar lissafin wuta ko ruwa, ga kuma mita ta ƙorafi, wadda rubutu ba ya bambanta ta da sauran. Turawa ma ba su gama da irin wannan ba: Ingila tana rubuta metre da litre, Amurka tana rubuta meter da liter. Ƙa'idar SI ba ta tilasta wa kowane harshe suna ba. Abin da ta ɗaure shi ne alama.

Inda ake cutuwa daban ne. A bakin manoman Nijar da yawa, eka tana nufin hekta, wato murabba'in mita dubu 10. A Najeriya eka awon Ingilishi ce, kimanin murabba'in mita 4047. Hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi ta Najeriya. A ɗauka malamin gona ya faɗa a rediyo cewa a zuba buhu biyu na taki a kowace eka, yana nufin hekta, manomin da ke tsallaken iyaka ya ji ya bi da tasa ekar: ya zuba kusan ninki biyu da rabi na abin da aka ce, a shekarar da buhun taki mai kilo 50 yake neman fin ƙarfin mai gida. Kalmar kadada ba ta warware komai ba, domin kafofin labarai suna fassara awon biyu da ita. A ganina wannan ita ce matsala mafi girma a duk fagen, kuma ita ce aka fi yin shiru a kanta.

Kilo ma haka. A asali ɗafa-goshi ne mai nufin dubu, amma Hausa ta mai da shi suna mai zaman kansa. Wurin mahauci kilo nauyi ne, a tasha kuma nisa ne, har a ce daga Yamai zuwa Dosso kilo 140. A magana wurin da ake yakan raba gardama. A rubuce, musamman a littafin ɗan makaranta, babu mai raba ta.

Tsofaffin ma'aunai kuma ba su kau ba. Mai hatsi a Talladje da tiya yake awo, ana ƙiyasta ta da kusan kilo biyu da rabi na gero, buhu mai kilo 100 ya tashi wajen tiya 40, amma girman tiya da tozonta suna canjawa daga kasuwa zuwa kasuwa, nauyinta kuma ya danganta da irin hatsin. Shi ya sa ma'aikatan SIMA, masu bin farashin kasuwannin amfanin gona, sai sun mayar da ita kilo kafin su fitar da farashi. A shagon tela abin ya fi fitowa fili. Igiyar awon da ke rataye a wuyansa fuska biyu gare ta, inci a ɗaya, santimita a ɗaya. Yana auna kafaɗa da tsawon hannu da fuskar santimita, ya rubuta lambobi zalla a littafinsa ba tare da alama ba. Wani mai son ɗinki ya kawo shadda da aka yanko a kasuwar Kantin Kwari ta Kano ya ce, "Maigida, goma ce cif." Tela ya shimfiɗa ta a tebur ya bi ta da igiya, sai ta gaza mita goma da kusan santimita 86, domin goman ta yadi ce, yadi kuwa santimita 91 ne da ƴar ɗoriya. Ba wanda ya yi ha'inci, amma hannun riga ya tafi.

4. Abin da hannu ke rubutawa

Tun a 1948 babban taron awo ya tsayar da ƙa'idar alamomi. Ana rubuta su da ƙaramin baƙi, sai wadda aka samo daga sunan mutum, kamar W ta wat da A ta amfiya. Ba a sa musu ɗigo a ƙarshe, ba a kuma yi musu jam'i. A 1979 aka yarda a rubuta lita da l ko da L, saboda ƙaramar tana kama da lamba 1.

A allunan Talladje kuwa ana ganin Kg da KG da kgs, da Km da Kms, da gr maimakon g, da ltr a kan jarkokin da suka fito daga Najeriya. Mai saye ba ya ɓata a kan buhun siminti, ko yaya aka rubuta. Amma sakacin da aka saba da shi a kan buhu shi ne ke bin hannu zuwa takardar magani, inda mg miligiram ce, Mg kuwa megagiram, tazararsu ninki biliyan ɗaya, abin da Hausar Nijar ke kira miliyar. Babban K shi kaɗai alamar kelbin ce ta awon zafi, ba ta kilo ba.

Hausa tana da nata tarnaƙi a nan. Ba ta saba da sautin p da v ba, don haka sunayen suna komawa faskal da bolt, kuma daidai ne. Alamomin Pa da V kuwa ba a taɓa su, kamar yadda ba za a rubuta kg da ƙ mai lanƙwasa ba. Ya kamata malami ya gaya wa yaro tun farko cewa alama ba taƙaita kalmar Hausa ba ce, ƴar'uwar lamba ce.

Sai jerin kalmomi. Hausa tana gabatar da abin ƙidaya, adadi ya biyo baya: mita biyar. SI tana gabatar da adadi, a bar fili, alama ta biyo: 5 m. Wasu marubuta suna neman sulhu da rubuta km 140, abin da bai zama Hausa ba, bai kuma zama SI ba. Babu buƙatar haka, domin mai karatu a Nijar ya riga ya ƙware da raba abin da ido ke gani da abin da baki ke faɗa: yana ganin 100 F a kan alawa ya ce dala ashirin, ya ga 1000 F ya ce jika ɗaya. Wanda ke wannan lissafi kullum ba zai kasa ganin 5 m ya ce mita biyar ba. Wajen jam'i kuwa harshen ya sauƙaƙa aiki, tunda ba a cewa litoci biyar wurin mai man gyaɗa.

Waƙafi ya fi duka haɗari. Ɗan makarantar Nijar yana rubuta kilo ɗaya da rabi 1,500 kg, ɗan makarantar Najeriya ya karanta shi kilo dubu ɗaya da ɗari biyar. Babban taron awo na 2003 ya halatta ɗigo ko waƙafi wajen raba cikakken adadi da ɓangarensa, ya bar kowane harshe da al'adarsa, amma ya jaddada cewa ba a raba dubbai da ɗigo ko waƙafi, sai da ɗan fili. Hausa ta faɗa tsakanin al'adu biyu, ba ta da tata tukuna.

5. Abin da ya kamata a tsayar

Daidaita rubutun Hausa tsakanin ƙasashen biyu ba sabon aiki ba ne. An zauna a Bamako a 1966 ƙarƙashin UNESCO, an zauna a Yamai a 1980, ma'aikatar ilimi ta Nijar kuma ta fitar da ƙa'idar rubutun Hausa a watan Oktoba na 1999. Duk da haka har yau Nijar tana rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y, kuma littattafai suna ƙetare iyaka ana karanta su lafiya. Irin wannan sassauci ya ishi mita da metir. A rubutun hukuma da na makaranta na fi son mita da lita da giram da kilomita, saboda dacewarsu da ginin harshen da yawan abin da aka riga aka buga da su, ƙamus kuma ya ajiye metir da litir a matsayin lafazin Nijar mai cikakken ƴanci, kada a ja wa yaro jan biro don ya faɗi abin da ya ji a gida.

Sassaucin ya tsaya nan. A takardar fili da shawarar noma a rubuta hekta, da alamarta ha, a bar eka da kadada ga hira. A rubuta kilogiram ko kilomita cikakke, kilo ya zauna a bakin ciniki. A raba dubbai da fili a ko'ina, ta yadda duk waƙafi ko ɗigon da aka gani cikin adadi ma'anarsa ɗaya ce, ko a Yamai aka buga takardar ko a Zariya. A takardar magani kuma a ƙara da kalmomi: mililita biyu da rabi.

Masu wannan aiki suna nan. A Nijar akwai INDRAP mai tsara littattafan makaranta, da hukumar ANMC mai kula da ƙa'idojin kaya da awo, da masana harshe na Jami'ar Abdou Moumouni. A Najeriya akwai hukumar SON mai kula da ƙa'idojin kaya, da cibiyar nazarin harsuna ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Abin da ake buƙata daga gare su jadawali ne guda, shafi biyu ko uku, mai ɗauke da sunan kowane awo da Hausa, da lafazinsa na kowane ɓangare, da alamarsa, da yadda ake karanta ta. A zaman tsara shi a sa malamin gona da mai ba da magani da ma'aunin fili kusa da masanin nahawu, a kuma gwada daftarin a kan masu rubuta allunan shaguna kafin a kai shi maɗaba'a.