Kotun Ƙoli, Kotun Koli, da Sauran Sunayen Zauren Shari'a

A jaridun da ba su damu da ƙugiyar harafi ba, kullum sai ka ga an rubuta "kotun koli". Mai karatu ya san inda aka dosa. Amma in za a bi ƙa'ida, koli kayan ɗan koli ne: allura, zare, madubi, kwalli. Ƙoli kuwa, da ƙugiyarsa, shi ne can saman abu, ɗan'uwan ƙololuwa. Ƙugiya ɗaya tak ta raba kotun da babu wata a samanta da faifan mai talla.

Ko ƙolin ma ba tun farko ya zama ƙoli ba. Har bayan samun 'yancin kai a 1960, wanda kotun tarayya ta Legas ta kayar yana iya tsallakawa Landan, gaban kwamitin shari'a na majalisar Sarauniya. A can ne aka juya hukuncin rikicin Akintola da Adegbenro a 1963. Tsarin mulkin jamhuriya na wannan shekarar ne ya toshe hanyar, sannan sunan ya dace da mai shi.

Kotu dai baƙuwa ce, Bature ya zo da ita, tare da 'yan rakiyarta: lauya, joji, beli, sammaci. Sun tarar da masu gida waɗanda su ma baƙin ne, sai dai sun daɗe har an manta. Alƙali daga Larabci yake, al-ƙadi, harshen Bahaushe ya mai da harafin lodin nan lam. Wannan kalmar ta bi wata hanyar ta Andalus, ta zama alcalde, wanda a Sifaniya yau magajin gari ne. A can ta bar shari'a ta koma mulki. A nan ta riƙe aikinta, har ta ƙara da busa usur a filin ƙwallo.

Shi ya sa shugaban alƙalan Najeriya yake da suna biyu a rediyo. Wani gidan ya ce Babban Joji, wani ya ce Alƙalin Alƙalai. Na biyun ya fi daɗi a kunne, na farkon ya fi kauce wa ruɗani, domin kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci a jihohi suna da nasu shugaban da yake da haƙƙi a kan wannan laƙabin.

Ɗaukaka ƙara kuwa tamu ce gaba da baya. Ƙara kuka ce, amo ce. Wanda ba a ji shi a ƙasa ba sai ya ɗaga muryarsa sama. Ban san wata fassara da ta fi asalinta kyau kamar wannan ba.

Inda na fi son tsayawa shi ne "kundin tsarin mulki". Larabawa sun ari dustur daga Farisa. Masu Suwahili sun ce katiba, daga tushen nan na rubutu da ya ba mu littafi. Bahaushe ya ɗauko kundi, wato tarin takardun malami da ake ɗaurewa da tsirkiya, inda yake adana laƙani da sirrin da ba kowa ake nuna wa ba. Zaɓi ne mai ban dariya ga takardar da aka ce ta kowa ce, kodayake duk wanda ya taɓa kokawa da Turancinta zai ce sunan bai yi ƙarya ba.

Amma jimlar tana da wata baiwa: ta raba abu biyu da Turanci ya cusa a kalma guda. Tsari daban, kundi daban. Ingila tana da tsarin mulki, ba ta da kundi ɗaya da za ka ɗauka a hannu. Amurka tana da kundi tun 1787, amma babu inda ya faɗa ƙarara cewa kotu za ta iya soke dokar majalisa. Alƙali John Marshall ne ya kafa wannan ikon a shari'ar Marbury da Madison a 1803, ya zama tsari ba tare da an ƙara shafi ba. Namu na 1999 bai bar abin ga sa'a ba: tun a sashe na 1 ya ce duk dokar da ta ci karo da shi ta faɗi, gwargwadon karon.

Sai jiha, ita ma Balarabiya, asalinta fuska ko ɓangare. A 1979 ta jawo ɗaya daga cikin shahararrun shari'o'in ƙasar. Doka ta ce mai neman shugabanci sai ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a aƙalla biyu bisa uku na jihohi. Jihohi 19 ne, kuma 19 ba ta rabuwa uku. A zaɓen shugaban ƙasa na shekarar, Shagari ya cika sharaɗin a 12. A Kano, inda Malam Aminu Kano ya kwashe ƙuri'u, ya tsaya a kashi 19.94 cikin ɗari. Abokin hamayyarsa Awolowo ya ce ba a gutsura jiha, sai dai a cike ta zama 13. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce lissafi lissafi ne: 12 da biyu bisa uku, don haka a Kano rubu'in biyu bisa ukun ƙuri'u ake nema, wato sudusi. Ran 26 ga Satumba kotun ƙoli ta bi Akinjide, Kayode Eso ya saɓa. Tambayar a ƙasanta ta ma'ana ce: jiha ƙasa ce mai iyaka, ko tarin ƙuri'u ne da za a iya aunawa da mudu? Yau jihohi 36 ne, 24 ta fita cif, ba a sake yanka kowa ba.

Akwai kuma kalmar da muka ba duniya maimakon mu ara. Tazarce ta yi tashe a Najeriya zamanin Abacha, har ta bar sunanta a jikin wata doguwar riga. Wace ce "ta" ɗin? Ba mulki ba ne, shi namiji ne. Ina jin ita ce "ta" ɗin nan marar suna da ke cikin "ta ɓaci" da "ta faru ta ƙare", wadda ba a kama kowa da laifinta.

A Nijar kalmar ta kai gaban kotu. A 2009 Shugaba Mamadou Tandja ya nemi ƙuri'ar raba gardama don ya wuce wa'adinsa na biyu. Kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye, ta soke kiran ƙuri'ar ran 12 ga Yuni. Kafin watan ya ƙare Tandja ya rushe kotun. An yi ƙuri'ar a Agusta, sojoji suka kifar da shi ran 18 ga Fabrairun 2010. A tsawon watannin nan jaridun Faransanci ba su wahalar da kansu da neman fassara ba. Sun rubuta tazartché, da "tch" ɗinsu da ɗigon wasalinsu.